An goge min shafi shida a Google Docs, kuma ni malami yake tuhuma

Assalamu alaikum Anti. Ni ɗaliba ce a aji biyu na jami'a. An ba mu jinga mu huɗu a rukuni ɗaya, sai muka shirya mu rubuta a Google Docs don kowa ya riƙa zuba nasa daga inda yake. Ƙawata, wadda muke tare tun sakandare, ita ta buɗe takardar ta turo mana linki. Mako uku na yi ina rubuta ɓangarena, yawanci da waya cikin dare, har ya kai shafi shida. Ana gobe za a miƙa na duba na ga komai lafiya, na kwanta. Da safe ita ce ta sauke ta miƙa. Bayan kwana goma malamin ya kira sunana a aji, ya ce ɓangaren da ke ɗauke da sunana kwaso shi aka yi daga intanet, in same shi a ofis mako mai zuwa. Da na buɗe takardar, wallahi Anti ba rubutuna ba ne a wurin. An cire nawa an liƙa wani. Ƙawata ta rantse ba ta taɓa ba, sauran biyun ma haka. Yayana ya ce ni na jawo wa kaina, wai duk wanda ya ɗora aikinsa a intanet ya baje shi a kasuwa ne, Google na karantawa, kowa ma na iya ɗauka, in koma ajiya a filash. Ba ni da kwafi ko ɗaya. Kwana uku ke nan ba na barci. Shin rubutuna ya tafi ke nan? Me zan faɗa wa malamin? Kuma in rabu da ƙawar nan ne?

Daga ɗaliba cikin damuwa

Wa'alaikumus salam, 'yata.

Bari in fara da abin da zai sa ki runtsa yau: da wuya ƙwarai a ce rubutunki ya tafi. Muddin takardar tana nan, kuma har yanzu kina da ikon yin gyara a cikinta, shafukanki shida suna kwance a ƙarƙashin abin da aka liƙa, da ranar da kika rubuta su da ƙarfe nawa ne. Kwana ukun nan da kika yi kina juyi a kan gado, shaidarki tana cikin takardar da kike ta buɗewa kina rufewa. Rashin sani ne ya sa kaza ta kwana a kan dami.

Ga dalili. Google Docs ba ya riƙe rubutu kamar allon aji, a goge na jiya a rubuta na yau. Tun 2010, lokacin da kamfanin ya sake gina manhajar domin mutane da yawa su iya rubutu a takarda ɗaya a lokaci guda, abin da take adanawa shi ne jerin canje-canje: wane ya ƙara kalma kaza a wuri kaza, wance ta cire layi kaza. Shafin da kike gani shi ne abin da ya fito bayan an bi jerin nan daga farko zuwa ƙarshe. To kin ga gogewa ita ma canji ce, an rubuta ta a jerin, tare da asusun da ya yi ta.

Ki nemi kwamfuta, don a waya abin ba ya fitowa sarai. Ki shiga da asusun da kika yi rubutun da shi, ki buɗe takardar. A sama ta hannun dama, kusa da maɓallin rabawa, akwai wata 'yar alama mai kama da agogo. Ki danna ta. In ba ki gan ta ba, ki danna Ctrl da Alt da Shift da H tare. Shafin zai canza, a gefen dama ki ga jerin ranaku da lokuta, a ƙarƙashin kowanne da sunayen waɗanda suka taɓa takardar, kowane suna da launinsa. Kusa da ranakun akwai ƙaramar kibiya, idan kika danna ta sai ranar ta baje daki-daki. Abin da mutum ya ƙara yana fitowa da launinsa, abin da ya cire kuma sai ki gan shi da layi a tsakiya, kamar yadda ake soke kalma da biro. Ki gangara zuwa daren da kika duba kika kwanta, ki danna lokaci na ƙarshe kafin barcinki. In sha Allahu za ki ga shafukanki kamar yadda kika bar su.

Daga nan sai ki natsu, kada zumuɗi ya kwashe ki. A saman shafin akwai babban maɓalli da ke cewa a maido da wannan sigar. Kada ki taɓa shi. Yana mayar da takardar gaba ɗaya zuwa wancan daren, har da ɓangarorin sauran, kuma sunanki zai fito a matsayin wadda ta yi canji bayan an tuhume ta. Ba ki buƙatar wannan yanzu. Abin da za ki yi shi ne ki danna ɗigo ukun da ke gefen wancan lokacin. Za ki ga zaɓin raɗa wa sigar suna: ki raɗa mata, misali "kafin a miƙa". Wannan yana da amfani domin Google kan dunƙule tsofaffin canje-canje wuri guda don rage cin wuri, amma sigar da aka ba suna tana zama daram. A nan dai za ki ga zaɓin yin kwafi: ki yi, kwafin zai faɗa cikin naki rumbun, mallakarki. Shafukanki sun dawo hannunki ke nan.

Sai dai ki riƙe wannan da kyau: kwafi ba ya tafiya da tarihi. Sabuwar takarda ce, haihuwar yau. Haka ma idan kika sauke a matsayin fayil ɗin Word ko PDF. Shaidar da za ta wanke ki tana cikin takardar asali kaɗai, takardar asali kuwa ba taki ba ce, ta ƙawarki ce, tunda ita ta buɗe. Mai takarda tana iya mayar da ke mai kallo kawai, mai kallo kuwa ba ya ganin tarihi. Tana iya cire ki, tana iya jefa takardar a kwandon shara, inda take kwana 30 kafin ta shafe gaba ɗaya. Ban ce za ta yi ba. Amma ba a fafe gora ranar tafiya. Don haka yau ɗin nan, kafin ki yi wa kowa magana, ki ɗauki hotunan allon: ranakun da kika yi rubutu, daren da aka goge, sunan da ya fito. In za ki iya, ki ɗauki bidiyo kina gangarawa a hankali daga makon farko zuwa safiyar miƙawa, yadda kwanan wata zai fito a karanta. Idan kuma kika tarar an riga an rage miki iko, ki roƙi ɗaya daga cikin sauran biyun ya buɗe da nasa asusun kina zaune a gefensa.

Yanzu ga wurin da nake son ki fi saurarona, domin a nan ake yin ɓarnar da ba ta gyaruwa. Tarihin nan asusu yake nunawa, ba ya nuna hannun da ya riƙe wayar. Kina iya ganin sunan ƙawarki. Kina iya ganin sunan ɗaya daga cikin biyun. Kina iya ganin babu suna sam, sai alamar baƙo, domin kin ce linki ta turo muku: idan ta saita shi yadda duk mai linkin zai iya gyara, to wanda bai shiga da asusu ba ma zai yi gyara ya fita ba suna, kuma linki yana yawo daga waya zuwa waya fiye da yadda masu shi suke zato. Kina ma iya ganin sunanki, kuma wannan shi ya fi tayar da hankali. Idan haka ta faru kada ki ruɗe. Ki tuna inda kika taɓa shiga asusunki ba ki fita ba: kwamfutar wata, ta ɗakin karatu, wayar da kika ara. A shafin tsaro na asusunki na Google akwai jerin na'urorin da suke ciki. Ki duba, ki ɗauki hoto, sannan ki kore waɗanda ba ki sani ba ki canza kalmar sirri.

Ko wane suna ya fito a daren, akwai abin da ba mai iya ƙwace miki, wato mako ukun nan. Rubutun da mutum ya yi da kansa yana da sawu. Na taɓa zama da wasu ɗalibai biyu a kan irin wannan magana, kowa ya cika ya yi fam, ba mai kallon wani. Muka buɗe tarihin. Launin kore, na yarinyar, ya fara da layi biyu wajen ƙarfe ɗaya na dare, da kuskuren rubutu a kalma ta uku. Bayan minti biyar ta gyara. Washegari ta goge rabin sakin layin ta sake shi. Bayan kwana biyu ta ɗauko jimla daga ƙasa ta kai sama, ta dawo da ita, ta sake kai ta. Haka aka yi ta tafiya, kamar kana kallon gini ana ɗora bulo ɗaya-ɗaya. Sai a daren ƙarshe wani launi ya shigo, cikin minti ɗaya shafuka uku suka faɗo gaba ɗaya, ba kuskure ko na harafi. Ba wanda ya ce uffan. Can yaron ya sunkuyar da kai ya ce shi gani ya yi Turancinta bai yi ƙarfi ba, ya ji tsoron a rage musu maki, sai ya samo wanda ya fi daɗin karantawa ya sa, a zatonsa taimako ya yi. Da aka kama kuma kunya da tsoro suka sa ya rantse.

Na kawo miki wannan ne don ki san irin abin da ya fi faruwa. Ba zan ce miki tuntuɓen yatsa ba ne; a cire shafi shida daidai a sa wasu a kan maudu'i ɗaya, da sani aka yi. Amma da sani daban, da mugunta daban. Wanda yake son ya cuce ki ba zai sa kayan sata a aikin da shi ma sunansa yake kai ba. Galibi tsoron faɗuwa ne, da raina aikin wani, da gaggawar daren ƙarshe.

Saboda haka batun rabuwa da ƙawarki, ki jinkirta shi har ki gani da idonki. Zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya, kuma a yanzu abin da kike da shi a kanta guda biyu ne kawai: ita ta buɗe takardar, ita ta miƙa. Ba ko ɗaya da ya nuna ita ta goge. Idan sunanta ne ya fito, kada ki tura hoton a zauren ajinku, kada ki tura wa kowa. Ki same ta ku biyu, ki buɗe, ki juya mata allon ki ce: "Ga abin da na gani. Ban zo faɗa ba. Ranar kaza zan ga malam kuma zan nuna masa wannan, don ba zan ɗauki laifin da ban yi ba. Na fi son mu je tare ki yi bayani da bakinki." Ki ba ta kwana ɗaya ko biyu. Wannan ita ce alfarmar da zaman tare tun sakandare ya ba ta, kuma ta isa. Abin da ba ta da haƙƙi a kansa shi ne ki yi shiru ki karɓi tambarin satar rubutu domin ki rufa mata asiri. Irin wannan tuhuma tana shiga fayil ɗin ɗalibi, tana iya bin ki har gaba. Idan ta zo ta amsa, kin ga ƙawar da ta yi kuskure ta kuma iya tsayawa a kansa, irinta ba a yar da ita da sauƙi. Idan ta ga shaida ta ci gaba da rantsuwa, ta bar ki ki shiga ofis ke kaɗai, to ita ta ba ki amsa, ba sai kin yi wata sanarwa ba. Ku ci gaba da gaisawa, amma kada sunanki ya sake haɗuwa da nata a kan takarda.

In kuma ba sunanta ba ne, ki je ki ba ta haƙuri ko da ba ki taɓa furta zargin ba, domin ta gani a fuskarki.

Wajen malamin, ki je da kwamfuta, da hotunan a waya ko da sabis zai ƙi, da shafukanki shida a buge a takarda. Ki haɗa da duk abin da kika yi aiki da shi: littafin da kika yi 'yan rubuce-rubuce, hotunan shafukan da kika karanta. Ki bar shi ya gama maganarsa tukuna. Sannan ki ce, "Malam, gaskiya ne abin da ke wurin ba nawa ba ne, kuma ba ni na sa ba. Ina neman izini in nuna maka tarihin takardar." Gani ya kori ji. Ki fara da makon farko, ya ga yadda rubutun ya taso, kafin ki kai daren gogewa. Kada ki ce wance ce ta yi. Ki ce ga asusun da ya fito, ki tsaya nan. In ya so ya bincika da kansa, sai a ƙara imel ɗinsa a matsayin mai gyara, tunda da wannan matsayin ne kaɗai ake ganin tarihi. Ki kuma ce masa a shirye kike ya yi miki tambayoyi a kan abin da kika rubuta. Wadda ta yi mako uku a kan shafi shida za ta amsa ba tare da duba takarda ba, malamai kuwa sun san wannan sarai. Abu ɗaya za ki amsa a matsayin naki: ba ki duba abin da aka miƙa da sunanki ba. Ki faɗe shi da kanki kafin ya faɗa, zai ƙara miki daraja a idonsa.

Sai maganar yayanki. Kada ki ji haushinsa, tsoro yake ji miki, kuma akwai gaskiya a bakinsa, sai dai ba duka ba.

Abin da ake kira gajimare, wato inda ake ajiye takardu irin na Google Docs a intanet, kwamfutocin wasu ne a jibge cikin manyan gine-gine. Google na da irinsu a wurare da dama, kamar The Dalles a jihar Oregon ta Amurka, da Hamina a ƙasar Finland, inda ya sayi wata tsohuwar masana'antar takarda a 2009 ya cika ta da injuna, ana sanyaya su da ruwan teku. Wato ajiya kika bayar a ɗakin wani. Rubutun yana tafiya a kulle, yana zama a kulle, amma mai ɗakin yana da makulli. Kamfanin ya ce ba ya amfani da abin da ke cikin takardun mutane wajen talla, amma injunansa suna bin takardu don neman abin da ya saɓa wa ƙa'idojinsa. Duniya ta ga haka a ranar 31 ga Oktoba 2017, lokacin da wani kuskure ya sa aka kulle wa mutane takardunsu na ɗan lokaci, aka ce sun karya doka alhali ba su yi komai ba. Daga baya kamfanin ya ba da haƙuri. Ranar 14 ga Disamba 2020 kuma, hanyar shiga asusun Google ta tsaya cik na kusan awa ɗaya a faɗin duniya, a shekarar da makarantu da yawa suka koma karatu daga gida. Don haka da ya ce ki riƙe kwafi a hannunki, ya yi daidai, kuma da kin yi da ba ki rasa barcin kwana uku ba.

Inda ya kauce shi ne cewa kowa na iya ɗauka. Sabuwar takarda a rufe take zuwa, mai ita kaɗai ke gani, sai wanda ta buɗe wa. Ba wani ɓarawo daga nesa ne ya shigo muku ba. Ƙofar da aka bari a buɗe ce, ko kuma ɗan gida. Filash kuwa yana ɓata, yana kwasar cuta daga kwamfuta zuwa kwamfuta, wata rana ya mutu ba sallama. Kuma ko da kina da kwafi a filash, shafukan kawai zai ba ki. Ba zai nuna wa malami yadda kika gina su dare bayan dare ba, sai a ce bayan an kama ki ne kika zauna kika rubuta. Abin da yayanki yake cewa ki guda, shi ne zai tsaya miki a ofis mako mai zuwa. Ki riƙe duka biyun: ki yi rubutu a inda ake adana tarihi, duk ƙarshen mako kuma ki sauke kwafi ki ajiye a wani wuri dabam.

Akwai iyaka guda. Idan wata rana bincikenki ya ƙunshi sirrin mutane, kamar hira da marasa lafiya da sunayensu, ki tambayi sashenku inda aka yarda a ajiye irin wannan kafin ki ɗora ko'ina. Akwai manhajoji irin su CryptPad da ake kulle rubutu tun daga na'urar mai shi, yadda masu rumbun ma ba sa iya karantawa. Jingar aji ba ta buƙatar wannan.

Game da aikin rukuni na gaba, ga yadda nake so ki yi, kuma ki tsaya a kai ko an ce kin cika tsanani. Ki rubuta ɓangarenki a takardar da ke kika buɗe da asusunki. Zanen aro ba ya rufe katara. Ki ba abokan aikin damar sharhi kawai: za su karanta, su bar miki magana a gefe, su kawo gyaran da zai fito da launi yana jiran ki karɓa ko ki ƙi, amma ba za su iya cire harafi ba. Sai aiki ya nuna sannan kowa ya kawo nasa a haɗa a takardar rukuni. Ita ma takardar rukunin, a gayyaci kowa da imel ɗinsa, kada a bar linki a sake, domin kowane canji ya fito da suna. Ku yi ƙa'ida tun ranar farko cewa ba mai taɓa ɓangaren wani kai tsaye. Duk mai gyara ya danna alamar fensir da ke sama ya koma yanayin ba da shawara. Da yaron da na ba ki labarinsa ya yi haka, da yarinyar ta farka ta ga shawararsa ta ƙi karɓa, magana ta ƙare a nan. Ranar miƙawa kuma a raɗa wa siga ta ƙarshe suna, a sauke ta a matsayin PDF don kada tsarin shafuka da teburori su wargaje a kwamfutar malami, a tura wa kowa wannan fayil ɗin, kowa ya karanta nasa ya ce ya yarda, sannan a miƙa. Minti goma ne. In rukuninku Word suka fi sabawa da shi, ba matsala: idan fayil ɗin yana OneDrive, rumbun ajiyar Microsoft a intanet, shi ma yana adana kansa, yana da tarihin sigogi, kuma Word ɗin da ake buɗewa a burawuza kyauta ne ga mai asusun Microsoft.

Tunda da waya kike yawan rubutu, ki shiga manhajar ki kunna wa takardarki zaɓin aiki ba tare da intanet ba, tun kina da sabis. A kwamfuta ma ana yi, ta Chrome ko Edge, da wani ɗan ƙari da ake sakawa. Abin da kika rubuta zai jira a na'urar, sabis na dawowa ya hau. Ki dai tabbata ya hau kafin ki rufe, musamman a daren miƙa aiki.

Ki kuma san wane asusu kike amfani da shi. Idan na makaranta ne, makaranta ce mai shi: masu kula da shi suna da iko a kansa, kuma galibi ana rufe shi bayan an gama karatu, wani lokaci da kundin digirin mutum a ciki. Kafin ki fita ki kwashe kayanki ta Google Takeout, shafin Google na sauke abin da ke cikin asusu. Idan naki ne na kanki, gigabait 15 ɗin da ake bayarwa kyauta na haɗaka ne tsakanin Gmail da Drive da hotuna, kuma idan ya cika ba za ki iya buɗe sabuwar takarda ko gyara tsohuwa ba, sai kin rage kaya; hotuna da bidiyo ne suka fi cinye shi. Tun Disamba 2023 kuma kamfanin yana iya shafe asusun da aka yi shekara biyu ba a shiga ba. Ki kunna tabbatarwa mai mataki biyu, yadda ko wani ya san kalmar sirrinki ba zai shiga ba sai da wayarki, kuma duk kwamfutar da ba taki ba, ki fita daga asusun kafin ki tashi daga kujera.

Amma duk wannan na gaba ne. Na yau shi ne alamar agogon nan. Ki kira yayanki ya zauna kusa da ke lokacin da za ki buɗe, ya riƙe waya yana ɗaukar bidiyon, shi ma ya ga shafukanki suna dawowa. Allah Ya wanke ki, 'yata. Ki rubuto min bayan kin fito daga ofishin malamin, ina son in ji yadda kuka yi, da ke da ƙawar taki.